Igiyar Awon Tamowa

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Ma'aikatan lafiya sun ba matata igiyar awon tamowa: ja haɗari, tsanwa lafiya. Ta auna ɗiyarmu ta ce tsanwa. Ban yarda da idonta ba, sai na auna ta da kaina, a wuyan hannu.

"Maigida, a damtse ake sawa."

"Ke, yi mini shiru!"

Igiyar ta nuna ja. Kowa na shukar ruwan farko, ni na ɗaura amalanke sai asibitin Gidan Rumji, ina kuka. Likita ya auna damtse: tsanwa.

Kafin in dawo in yi shuka ƙasa ta sha iska ta bushe. Gerona bai yi ba. Har yau a kasuwa miƙo mini hannu ake: "Likita, zan kai gobe?"

Don Allah, wanda ya san ƙauyen da labarin bai kai ba, ya sanar da ni.