Yadda Za Ka Riga Motarka Isa Badun

Kai direban babbar mota, mai ɗaukar albasar Yawuri zuwa Kudu, matso kusa. Na san ciwonka, kuma ba ramukan hanya ba ne, ba kuma masu sa shinge ba. Ciwonka yana cikin aljihun gaban rigarka yana ɓurari, in ka ɗauka kuwa tambaya ɗaya ce: "Kana ina?" Katangar gidana ita ce bayan rumfar dillalan mota a kasuwar albasa ta Yelwa, su kuwa dillalai ba sa waya sai sun buɗe murya don mai kaya ya ji, saboda haka babu irin amsar da ba ta tsallako mini tsakar gida ba. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari za ka riƙa isa Badun kwana guda kafin motarka, kuma kai da dillalinka za ku tsufa kuna gaisawa.

Misalinmu shi ne Mati, mai tsohuwar roka mai bodin katako, da Zaharaddeen, dillalin da ke samo masa lodi.

Mataki na ɗaya: Haddace garuruwanka a jere

Yelwa, Ibeto, Kwantagora, Makera, Makwa, Jebba, Ilori, Badun. Maimaita har su zauna maka kamar sunayen 'ya'yanka. Ƙananan tungaye ba sa cikin lissafi, domin ba dillalin da ya taɓa yarda cewa mota tana tungar wani. Garuruwan da ke tsakanin Ilori da Badun su ma bar su. Zaharaddeen bai iya faɗin sunayensu ba, kuma garin da dillali bai iya faɗa ba, a wurinsa daji ne.

Mataki na biyu: Rabu da babbar waya

Akwai wayoyin zamani masu nuna wa mutum ɗigon inda kake a taswira. Masu ilimi suna cewa ci gaba ne. Ni ma na yi ilimin, kuma ban ga ci gaba a abin da zai sa ɗan kamasho yana zaune kan benci yana kallon ka tsaya cin tuwo a Makera ba. In an ba ka irinta kyauta, ka gode, ka ba matarka. Riƙe ƙarama mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ita ba ta san inda take ba, balle ta gaya wa wani.

Mataki na uku: Gwada gaskiya sau ɗaya, don ka ga abin da take haifarwa

Tun muna yara ake koya mana cewa mai faɗin gaskiya hankalinsa a kwance yake. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa jan mota ba.

Tafiyar Mati ta farko da lodin Zaharaddeen, waya ta yi ƙara yana tsakiyar kauce wa wani rami mai iya haɗiye akuya. Ya maƙale ta a kafaɗa.

"Mati, kana ina?"

"Ina Ibeto, maigida."

"Ibeto? Tun hantsi ka tashi, har yanzu Ibeto? Tura ta kake da hannu?"

"Hanyar ce, maigida."

"Hanyar da kowa ke bi? To, zan sake kira."

Ya kuwa sake. Ya kira Mati yana alwala, ya kira shi yana gaban mai duba takardu, ya kira shi ya kai lomar farko baki. Kowane kira Mati ya faɗi ainihin inda yake, kowane kira a tambaye shi ko barci ya yi. Kafin ya isa Badun ya gane abin da nake so ka gane tun yanzu: dillali ba wurin da kake yake tambaya ba, so yake ka faɗi abin da zai sa ya iya haɗiye shayinsa.

Mataki na huɗu: Ƙara gari, amma kada ka wuce biyu

Tafiya ta gaba, Mati yana Ibeto ya ce Kwantagora. Zaharaddeen ya ce, "Madalla, direba ke nan." Aka yi watanni ana zaman lafiya, har ranar da wani direba mai dawowa daga Kudu ya zauna a rumfa ya ce ya bar Mati a Makera yana canza taya, alhali yanzun nan Mati ya ce yana Makwa.

Zaharaddeen bai yi faɗa ba. Abin da ya yi ya fi faɗa hikima: ya fara rage gari ɗaya daga duk abin da Mati ya faɗa. Mati ya lura an daina yaba masa, ya ƙara biyu. Zaharaddeen ya lura, ya rage biyu. A nan suka tsaya, babu wanda ya ce wa wani uffan, kuma tun daga ranar babu dillalin da ya san inda motarsa take kamar Zaharaddeen. In Mati ya ce Makwa, to yana Kwantagora, ko ka aza kanka a kai.

Riƙe wannan: ƙaryar da ba ta canza girma mudu ce. Kowa a kasuwa ya san mudun wance ƙarami ne, kuma ana awo da shi lafiya.

Uku kuwa ganganci ne. Akwai wanda ya ƙara uku, mai sayen kaya a Badun ta tara 'yan dako tun safe, suka wuni suna cin gyaɗa suna kallon titi. Yanzu itace yake ɗauka zuwa Koko.

Mataki na biyar: Rantse kullum, kuma ka ɗan tausaya wa dillali

Kowace amsa ka rufe ta da wallahi. In ka rantse yau ka ƙi rantsewa gobe, dillali zai fara tunani, kuma tunanin dillali kira ne.

Tausayin kuwa ga dalilinsa. Shi ma ba don yana marmarin muryarka yake kira ba. Alhajiyar Badun mai sayen albasa tana kiransa daga can, mai albasa kuma tana zaune a gefensa a nan.

A bazarar da nake ba ka labari, mai albasar ita ce Christiana, daga wani ƙauye kusa da Wara. Bakin tafki take noma in ruwa ya janye, kuma kowace shekara 'yan sari ke zuwa har gona su kwashe yadda suka ga dama. Wannan karon ta ce da kanta za ta aika Kudu. Maƙwabta suka ce za ta gani. Ta ɗura noman shekarar gaba ɗaya a rokar Mati, ko buhun miya ba ta rage ba, sannan ta zo ta zauna a ƙarshen bencin Zaharaddeen da ƙullin dawon furarta, ta ce ba ta komawa gida sai an ce mata kaya sun sauka.

"Inna, ki tahi gida, in sun isa zan kira ki."

"Ina da wurin zama a gida, ɗana. Albasata ce ba ni da ita a gida."

Mataki na shida: Kada ka taɓa faɗin gaskiya babu sanarwa

Nan ne Mati ya yi kuskuren da ya sa na rubuta wannan darasi.

Da safiyar kwana na biyu, ya shigo Makwa ke nan, roka ta yi tari ta yi shiru. Famfon mai ne. Makanikan wurin suka leƙa, suka kewaya ta, ɗaya ya tambaya ko kakansa ne ya bar masa ita. Ba mai irin famfonta sai Yohanna na Yelwa, wanda ya harhaɗa ta daga gawar motoci uku kuma yake ajiye da sauran kayan cikinsu a bayan shagonsa.

Mati ya sa hannu ƙarƙashin tamfol, ya ji zafi kamar bakin tanda. Albasa ta fara zufa. In ya yaye tamfol, ga hadari yana haɗuwa ta gabas. In ya bar shi, ta dahu a buhu. Ya tuna fuskar tsohuwar nan lokacin da ake ɗora buhun ƙarshe, yadda ta shafa shi kamar mai sallamar ɗiya. Hankalinsa ya tashi, kuma mutum in hankalinsa ya tashi yakan manta tarbiyyarsa. A karon farko a rayuwarsa shi ya kira dillali.

"Maigida, mota ta mutu. Famfo ne. A turo Yohanna yanzu."

"Kana ina?"

"Ina Makwa."

Zaharaddeen ya lanƙwasa yatsu biyu, ya juya wurin Christiana. "Kwantar da hankalinki, Inna, kusa ne. Yana Kwantagora."

"Ni Makwa na ji ya ce."

"Haka yake cewa."

Yohanna ya naɗe famfo a tsumma ya shiga motar Kwantagora. Ya sauka kafin azahar, ya bi gidajen mai ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa bayan tasha, babu roka. Ya kira Mati.

"Kai, wane gidan mai kake?"

"Na bakin shiga Makwa, hannun hagu."

"Na ji Makwa. Nan cikin Kwantagora nake tambaya, ta wane gefe?"

"Yohanna, wallahi ina Makwa."

"To wallahin na ji shi. Kwatanta mini wurin."

Mati ya kira Zaharaddeen ya rantse da abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya miƙa wa wata mai sayar da doya wayar ta faɗa da bakinta. Zaharaddeen ya saurara, ya kaɗa kai cike da sha'awa, ya ce wa mutanen rumfa, "Wanga yaro ya ƙware. Har shaidu yake ɗauka."

Mati ya zauna a inuwar taya, wayar a hannu, warin albasa mai ɗumi yana saukowa kansa. Shekaru yana gudun kiran wannan mutum, yau ga shi yana roƙon a yarda da shi, kuma duk kalmar da zai yi roƙon da ita ya riga ya kashe ta a Ibeto.

Mataki na bakwai: In ka ɓata, nemi mai mayar da kai kan ƙaryarka

La'asar ta yi. Christiana, wadda tun jiya take kan benci tana ganin ana lanƙwasa yatsu, ta miƙa hannu.

"Ba ni shi."

Zaharaddeen ya ba ta, don ba a hana mai kaya.

"Mati, Christiana ce."

"Inna, ki yi mini rai, ki gaya musu..."

"Bari wannan. Albasata tana da rai?"

"Ta sama ta fara laushi. Ta ƙasa lafiya lau, in an zo yau."

"To saurara. Ka ɗauka motarka lafiya take, kana tafe kana jin rediyo, ka iso daidai inda kake yanzu. Wanga mutum ya kira ka ya dame ka. Mi za ka ce mishi?"

Rumfa duka ta kasa kunne.

"Da sai in ce ina Ilori."

"Da wallahi ko babu?"

"Wallahi ina Ilori, maigida."

Zaharaddeen ya lanƙwasa yatsa ɗaya, Jebba. Ya lanƙwasa na biyu. Ya miƙe tsaye har hularsa ta taɓa rufin rumfa.

"Makwa yake. To, Mati, mi ya hana ka faɗa tun safe?"

Aka kira Yohanna ya kama motar Makwa. Ya isa da sauran haske, hadarin kuma ya yi ta ruri ya tsallake kogin Neja da abinsa. Washegari da hantsi roka ta yi tari ta tashi. Buhunan sama kaɗan suka lalace, Mati ya sauke su ya bar wa mai doya ladan shaidar da ba a karɓa ba.

Ranar da ta biyo baya, wayar Zaharaddeen tana kan benci a buɗe, Christiana tana gefe.

"Mati, kana ina?"

"Na sauke tuni, maigida, har na juyo. Wallahi ina Jebba."

Christiana ba ta jira dillali ba. Ta bi hanyar dawowa da kanta, ta lanƙwasa yatsa ɗaya, Ilori, ta lanƙwasa na biyu, ta ɗaure bakin ƙullinta, ta gyara zani.

"Yanzu ya shiga Badun," in ji ta. "A nuna mini motar Wara."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da mota, ba ta da kamasho, albasar da take da ita kuma ta miya ce. Duk wanda ya bi matakan nan ya isa Badun a baki, motarsa tana Jebba, shi da Alhajiya ne. Wanda dillalinsa sabo ne bai iya ragi ba, ya koya masa kafin ya tashi. Wanda kuma motarsa ta mutu, tsoro ya kama shi har ya faɗi inda yake, kada ya aiko mini da ƙorafi. Ko ya aiko, zan rage biyu.