Yadda Za Ka Ci Sarauta a Gidanka da Ƙwayar Kitsen Jini

Ɗan'uwa, likita ya ce kitse ya yi yawa a jininka, ya ɗora ka a kan 'yar ƙwayar da za ka riƙa sha kullum? Share hawayenka, kakarka ce ta yanke saƙa. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin ba za ka sake ɗaga ko tsinke a gidanka ba. Na gwada da kaina, ga tumbina nan shaida.

1. Shiga gida a hankali

Likita cewa ya yi "a kula", sauran bayanin naka ne. Tsaya a bakin ƙofa, ka dafa bango, ka saki ajiyar zuciya. In uwargida ta ce, "Baban yara, lafiya?" ka ce, "Ba komai. Ki dai riƙe min yaran nan amana." Kada ka ƙara ko kalma.

2. Kada ka sha a ɓoye

Ƙwayar ba ta kai wake girma ba, don haka sai ka taimaka mata. A falo za ka sha, bayan an kashe talabijin kowa ya nutsu. Nemi ruwa da muryar mai barin wasiyya. Masana irina sun tabbatar: maganin da aka sha ba shaidu, rabin amfaninsa ya bi iska.

3. Koyi dafa ƙirji

Hagu, ɗan'uwa, hagu. Ni na daɗe ina dafa dama, sai da ƙanwar matata ta ce, "Yaya, zuciyar taka ƙaura ta yi?" Da zarar an ce gas ya ƙare, ko famfo na yoyo, ko a kai yara makaranta, kai hannu wurin, ka lumshe ido, ka ce, "Bari in gwada tashi." Ba mai barinka.

4. Kwashi ganima

Kujera mai laushi taka ce, fanka ta juyo wajenka, yara su riƙa tafiya da sanɗa. Za a hana ka fatar kaza da soye-soye, ka yi haƙuri, kowace sarauta da harajinta. In ka jiyo uwargida a kicin tana jan hanci alhali ba albasa take yankawa ba, ƙara sautin talabijin. Sarki ba ya jin komai.

5. Kada ta raka ka asibiti

Nan ƙafata ta zame. Ƙwayar nan ba ta san siyasar gida ba, aikinta kawai take yi. Ranar komawa, uwargida ta ce ba za ta bar marar lafiya ya tafi shi kaɗai ba. Likita ya duba sakamakon gwaji, ya washe baki.

"Madalla! Kitsen ya sauka, zuciya kuma garau."

Na shiga ƙifta masa ido. Ya ce, "Malam, idon ma yana damunka ne?"

Uwargida ta gyara zama. "Likita, to yana iya ɗaukar kaya?"

"Hajiya, ai abin da ya rage masa ke nan. Ya ci gaba da shan magani, ya riƙa takawa a ƙasa har ya yi gumi."

Ta yi hamdala har da ƙwalla. Ta goge fuska tsaf, sannan ta juyo ta dube ni, irin kallon da mahauci ke yi wa sa. A bakin mota ta miƙo hannu ta karɓe makulli.

"Baban yara, maganar likita ba a yi mata jinkiri. Ka same ni a gida."

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma sarki ba ne yanzu. Duk wanda ya bi shawararsa asiri ya tonu, shi da iyalinsa, ba ruwan malam. Mai ƙorafi ya tare ni da sassafe ina zagaya unguwa, amma ya ɗaura takalmi da kyau, domin an hana ni tsayawa.