Jirgin Malam Namadi

Malam Namadi malamin kimiyya ne a wata sakandare a Kano, kuma babu abin da ke ƙona masa rai irin halin ɗalibansa, waɗanda ko fanka ce ta tsaya a aji sai su ce aikin aljanu ne. Don ya raba su da wannan tunani, bawan Allah ya duƙufa shekara uku ya rubuta littafi a kan wani saurayi da ya ƙera jirgi ya tafi duniyar wata. Shafi arba'in ya kashe a kan jirgin kaɗai, har da yawan kusoshin jikinsa. Da wani darakta mai suna Barau ya zo neman izinin mayar da littafin fim, Malam bai tsaya wata tambaya ba, ya ce a je a yi. Shi dai murnarsa yara za su ga kimiyya da idonsu.

Da fim ya fito, ya lallaɓi shugabar makaranta ta soke darasin safe. Aka tara ɗalibai a ɗakin taro, aka ajiye wa Barau kujera kusa da tasa. Har jawabi Malam ya yi, ya bugi ƙirji ya ce daga yau an gama zancen aljanu a makarantar nan.

Aka kunna. Saurayin da Malam ya sha wahalar koya wa aikin injiniya a littafi, sai ga shi durƙushe gaban boka mai jan ƙyalle. Boka ya watsa gari a wuta, hayaƙi ya turnuƙe, kafin ka ce me saurayi yana kan wata, tare da wata budurwa da Malam bai taɓa rubutawa ba. Watan ma kowa ya gane shi, filin fasa dutse ne na bayan gari. Nan ruwan sama ya ɓarke, suka kwashe minti goma suna rawa da waƙa, akuya ta gifta ta bayansu. Ɗalibai sai tafi suke yi. Shugaba ta juyo ta dubi Malam ta saman tabarau, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya matsa kusa da Barau ya ce masa ruwan sama ya yafe, budurwa ya yafe, akuyar ma ta ci albarkacinsu.

"Amma ina jirgina?"

"Mun karanta wurin, Malam, kuma ka yi ƙoƙari," in ji Barau. "Sai dai mun ga ƙaryar ta yi yawa, shi ya sa muka gyara maka."

"Ƙarya? To shi bokan fa?"

Barau ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi ya ce, "Haba Malam, 'yan kallo fa ba yara ba ne. Wa zai yarda ƙarfe ya kai mutum wata?"