Jatau da Kibiya Mai Faɗi

Jatau da bakinsa yake ba da wannan labari, kuma shi ke riga kowa dariya.

Shekara talatin ya yi yana masinja a wani ofis a birni. Da ya yi ritaya sai ya tattara ya koma ƙauyensu, ya dasa rogo, da shi yake sa ran ciyar da gida. Rogon ya fara kauri ke nan sai wani ƙaton gyado, aladen dajin nan mai haure, ya gano gonar. Kullum da safe sai ya zo ya tone kunya biyu ko uku, ya yi gaba abinsa.

Ran Litinin a teburin mai shayi ana jajanta masa, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya bugi ƙirji ya ce, "Kun manta ni ɗan Barmo ne, Sarkin Baka? In Juma'a ta yi gyadon nan yana numfashi, ku daina kirana da sunan ubana!"

Sai da ya isa gida ya tuna rabonsa da harbi tun yana ɗan shekara goma, shi ma ƙadangare ne da danƙo, kuma ƙadangaren tsufa ne ya kashe shi.

To, magana ta riga ta fita. Ya sauko da bakan mahaifinsa da kwarinsa. Sandunan kibiyoyin, wato kyauro, suna nan lafiya, amma ƙarafan bakinsu tsatsa ta cinye. Ya kwashe su ya nufi maƙerar Baba Tambai, tsohon maƙerin da ya yi wa Barmo ƙira har ya bar duniya.

Tambai ya zube masa kawunan kibiya a kan buzu. "Wannan siririyar ta zabo ce da zomo. Wannan mai kunne biyu ta gada ce, in ta shiga ba ta fita. Wannan mai kamar ganyen mangwaro kuwa ta mai kaurin fata ce, amma sai kyauro mai ƙwari da hannun da zai ja tsirkiya har kunne."

Jatau ya ɗauki ɗaya ya ɗora a yatsa, ya kanne ido ɗaya yana gyaɗa kai, don ya ga maharba suna yin haka. Abin da ake dubawa kuwa, Allah kaɗai ya sani. Ya zaɓi wadda ta fi kowace girma.

"Ɗan Barmo, kyauronka ba zai ɗauke ta ba."

"Zai ɗauka, Baba."

Ran Talata ya laɓe bayan wata ɗorawa, ya ja, ya saki. Kibiya ta yi sujada a gabansa, saura ƙiris ta ɗinke masa babban yatsa da ƙasa. Ya koma maƙera ya ce ta yi nauyi. Aka ba shi mara nauyi. Ran Laraba ya saki, ta tashi sama kamar za ta kai saƙo, ta sauka a gonar maƙwabci. Ya koma ya ce iska ke wasa da ita.

Ran Alhamis sai Tambai ya karɓi aikin. Ya zaɓi kyauro da kansa, ya gasa a wuta ya miƙar, ya dasa masa matsakaicin kai, ya naɗe da jijiya. Sannan tsohon nan ya fita bayan maƙera, ya auna wani kututture daga nesa, ya kafe kibiyar a tsakiya. Ya zaro ya miƙa masa.

Jatau ya karɓa, ya san yanzu babu sauran abin ɗora wa laifi.

Ran Juma'a da hantsi ga gyado ya ba shi haƙarƙari, kusa har yana jin ƙarar taunarsa. Jatau ya yi bisimilla, ya ambaci sunan ubansa, ya saki. Gyado ya waiwaya ya dubi inda kibiyar ta faɗi, ya dubi Jatau, ya ci gaba da karin kumallonsa. Jatau ya ce ko cizonsa dabbar ta yi, ba zai kai wannan kallon ciwo ba.

Ya iso maƙera yana gumi, ga kuma mutanen teburin mai shayi sun cika rumfar suna jiran labari.

"Baba, na gano matsalar," in ji Jatau. "Faɗi ne ya yi mata kaɗan. Da ta ƙara faɗi, da yanzu ana jan mushe."

Tambai ya ajiye guduma. "Ka kuskure shi da yawa ne?"

"Ina! Kaɗan ne. Bai fi taku biyar ba."

"Ɗana, ni kibiya nake ƙerawa. Mai faɗin taku biyar kuwa, gangara wurin mai walda, shi ke yin ƙofar get."