Rasuwar Malam Shiru, Akwatin da Ke Ɗaga Muryar Faifai

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni Salmanu ɗan Audi Mai Kalangu, na nan Birnin Gwari, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Malam Shiru, ɗan baƙin akwatin nan da ke zaune a ɗakina tsakanin garmaho da amfilifaya, wato na'urar da ke tura sauti cikin lasifika. Ya rasu ranar Asabar bayan la'asar, a gidan bikin maƙwabci, ba a ɗakinsa ba.

Ga wanda bai san marigayin ba. Allurar garmaho raɗa take yi, ba magana ba. Aikin Malam Shiru shi ne ya karɓi raɗar nan, ya ɗaga ta daidai yadda amfilifaya za ta ji, bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. 'Yan boko firi-amf suke ce masa. Ni dai ina tambaya, mutum nawa ne a garin nan za a ba saƙo ya kai shi haka?

Maɓalli ɗaya gare shi. In an taɓa sai ya ce "ƙit", 'yar fitilarsa ta kama, ya ɗan yi ɗumi tukuna kamar dattijon da ke gyara zama kafin ya ba da shaida. Daga nan ba ka sake jin duriyarsa. Ɗana Naziru ne ya kawo shi. Na tambayi kuɗinsa, ya canza magana, amma babur ɗin da yake taƙama da shi a Kaduna, tun ranar ban ƙara jin labarinsa ba. Mai ɗakina Furera ta juya akwatin gaba da baya, ta ce, "Alhaji, ba ya magana, ba ya sanyaya ruwa, ba ya cajin waya. An cuci yaron nan." Marigayi ya ji, bai tanka ba. Halinsa ke nan.

Ina da faifai guda wanda ba na bari a taɓa. Mahaifina ya taɓa bin wani mawaƙi Kaduna aka ɗauki waƙarsu, shi ne mai kalangu a baya. Shekara da shekaru ina sa faifan a tsohon garmahona, abin da nake ji kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta. Ranar da aka haɗa Malam Shiru, na ji kukan igiyoyin kalangu lokacin da Baba ke matsa su da hammata. Dab da baitin ƙarshe kuma sai ga tari. Ɗan gajeren tarin nan nasa da muke ji tun daga zaure mu san ya dawo. Kabarin Baba yana ƙauyenmu na bakin dajin Kamuku, kuma kowa ya san abin da ya hana mu bin hanyar. Ziyarata ta koma kowace Juma'a a ɗaki, ni da tarin nan.

Ajali ya zo ta hannun maƙwabcina Wakili, mai aurar da 'yarsa Sadiya. Ya shigo da dattawa biyu don kada in sami bakin magana, ya nuna Malam Shiru, ya ce an ce ni ke da amfilifayar da ta fi kowace tsada a garin nan. Na ce wannan ba na taro ba ne, na faifai ne. Ya ce, "Haba Alhaji, ai mai tsada komai yana iyawa. Ko dai Sadiya ba 'yarka ba ce?" A garinmu ba a hana aro. Na miƙa shi da hannuna.

Can aka damƙa shi ga wani Munzali mai kiɗan biki. Ya ga wayar wutar marigayi siririya ce, ya raina ta, ya zaro wata mai kauri daga buhunsa ya cusa masa, ya jona da janareto, ya haɗa shi da lasifikar da ake ji har tasha. Waɗanda suka halarta sun ce marigayi ya yi "mmmm". Wannan ne karo na farko da aka ji muryarsa ta kansa. Sannan ya ce "fus", hayaki ya tashi. Ko rawa ba a tsayar ba.

Aka dawo mini da shi a leda, tare da alkaki da cincin, da saƙon cewa a gaya wa Naziru jabu aka sayar masa. Ina da karin magana da yawa a kan wannan, amma yau makoki ake, na haɗiye su. Andrawus mai gyaran rediyo ya buɗe shi, ya sunsuna, ya cire hularsa. Ya ce, "Baba, wannan ko Kaduna aka kai sai dai a kalle shi."

Ya rasu ya bar garmaho yana juyi ba mai jin sa, da amfilifaya, da lasifika biyu tagwaye da suka zama kurame. Ya bar Naziru, wanda har yanzu ban iya gaya masa ba. Ya bar Furera, wadda yanzu take cewa dama ita ta san abin kirki ne.

Jana'iza ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, a ɗakina. Na tambayi liman ko akwai abin da ake karantawa, ya dube ni har na sunkuyar da kai, don haka babu. Ba za a binne shi ba, 'yan gwangwan za su tone. Za a mayar da shi kwalinsa a ɗora kan sif. Wakili ya zo, maƙwabci ne, amma ya zauna bakin ƙofa. Munzali ya yi ta'aziyyarsa daga inda yake.

Andrawus ya ce ko babu akwati, allura tana nan tana raɗarta, in mutum ya kai kunne kusa. Kunnena ya tsufa, amma zan gwada. Saboda haka a kashe babura tun daga bakin layi, a kashe wayoyi, a bar gaisuwa sai an fito. Mai mura ya zauna gida. Tari ɗaya ake jira a ɗakin nan, kuma ba na ɗayanku ba ne.