Rasuwar Mai Allura, Wanda Ya San Muryar Baba Hamani

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Abdussalamu mai situdiyo a bayan tashar Tasawa nake sanar da rasuwar Mai Allura, tsohon filogin ɗina, wato ɗan abin nan na cikin ordinatar, kwamfuta ke nan, da ke yi wa waƙa gyaran ƙarshe kafin ta shiga kunnen jama'a. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, a kan idona.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Toka-toka ne, maɓalli uku, allura ɗaya. Amma yana da tarbiyya. In mawaƙi ya yi ihu, allurar ta faɗa ja, ba ruwanta da ko ɗan wane ne. Bai taɓa ara wa marar murya murya ba. Iyakar maganarsa "shshsh" ɗin nan can ƙasa-ƙasa, kamar yayyafi a kan kwano.

Lafiyarsa ƙalau har ranar da abokin sana'ata Lamine, mutumin da bai taɓa ganin maɓalli ya bar shi ya huta ba, ya danna mizajur, maɓallin sabunta kayan cikin ordinatar. Sabon lojisiyel, wato manhaja, ya sauka, ya dubi tsohon, ya ce bai san shi ba. Haka ake yi wa tsofaffi yanzu. Muka kashe, muka kunna. Muka sake sa shi daga kle, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinatar. Lamine ya samo wata dabara da aka ce tana sulhunta tsoho da sabo. Marigayin ya buɗe ido, allurar ta motsa, komai ya daskare. Shi ke nan.

Ya bar ni. Ya bar magaji, wani sabon filogin mai ƙyalƙyali kamar motar amarya, wanda ke gyara komai ba a tambaye shi ba. Ko akuya ka ba shi, zai fito maka da tauraruwa.

Ya kuma bar waƙoƙin Baba Hamani, mai gurmi na Kanan-Bakashe, ba a gama ba. Na ɗauke su kafin damina, kafin ciwon maƙogwaro ya raba tsohon da waƙa. Marigayin ya gama kaɗan, da kaushin muryar da numfashin duka. Sauran na miƙa wa magaji, ya wanke su tas. Ranar kasuwa muka kai wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya jawo hannuna, ya ce da ƴar muryar da ta rage masa:

"Abdussalamu, wane yaro ne ya sace mini waƙa? Ka ce masa ba shi da kunya."

Lamine ya ce, "Haba Baba, ai kalite ce, inganci ke nan."

Madalla da kalite.

Ana karɓar gaisuwa a situdiyo. Kada a zo da shawara, kada a ce mini zamani ne. Lamine zai zauna a ƙofa, hannuwansa a aljihu.

Za a binne marigayin a kwandon sharar ordinatar, amma ban sa rana ba, kuma ba zan sa ba tukuna. Duk mai tsohuwar ordinatar da ba a taɓa yi wa mizajur ba, daga nan har Mayahi, ko tana ƙarƙashin gado ce, ko kaji na kwana a kanta, ya kawo mini aro, ko marigayin zai farfaɗo a kanta. Ba don gawar nake roƙo ba. Akwai tsoho a Kanan-Bakashe da ke zaune bakin zaure duk ranar kasuwa, yana jiran a dawo masa da muryarsa.