Ranar da Na Tona Asirin Mujallar Guga

Ko me zan manta na zamanin da nake lise, wato babbar sakandare, a Dakoro, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi gaban jama'a na karanta tarihin mujallar makarantarmu ba. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, ko ni kaɗai ce a ɗaki.

Sunan mujallar Guga. Ɗalibai ke rubuta ta, waƙoƙi da gajerun labarai da zane-zane. A shekararmu mu biyu ke neman shugabancinta, ni da wani Sani, mai shiru-shiru kamar ba ya so, alhali yana so. Ni kam ban ɓoye ba, na rantse sai na samu. Sai aka ce za a yi biki a gayyato waɗanda suka kafa mujallar, kowannenmu ya karanta wani abu, in an tashi 'yan ƙungiyar mujallar su yi zaɓe. Sani ya ce waƙa zai yi. Na ce a raina, waƙa dai! Ni tarihi zan tono.

Na karɓi mabuɗin biro, wato ofishin makaranta, na jawo tsohuwar adakar da ake ajiye mujallun farko. Ina juya su sai na lura da wani abu. Kusan kowace an taɓa mata kusurwa. Wata an datse ta dama, wata an yi mata tsaga biyu, wata huda ce, wata huda da tsaga. Ba cin ɓera ba ne, ba kuma gara ba, yanka ne na reza tsaf. To wa ya yi? Don me? Abin ya tsaya min a rai, na zana kowane yanka a kaye, littafin rubutuna, na yi mako guda ina kallonsu. Ban tambayi kowa ba (kar Sani ya ji ya riga ni).

Can dai amsa ta zo min. An sha ba mu labarin tsananin Mushe Garba (Mushe muke ce wa malami, daga Faransanci), shugaban makarantar na wancan lokaci. Na ce shi ke nan, shi ne yake hukunta mujallar! Datsa ɗaya gargaɗi ne. Tsaga biyu, an soki abincin makaranta. Huda kuwa, an hana karantawa ƙwaf. (Duk wannan ni na tsara shi, zaune kan tabarma, ina cin gyaɗa.) Na rubuta shafi huɗu, na ji kaina ya yi girma.

Ranar biki aka jera kujeru a inuwa. Ga Mushe Garba a sahun gaba, ya tsufa, yana riƙe da sanda. Kusa da shi Alhaji Bube, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa mujallar, yanzu babban mai sayar da dabbobi a kasuwa. Sani ya yi waƙarsa, aka ɗan tafa. Na tashi da tarin tsofaffin mujallu a hannu, na gyara ɗankwali, na fara. Ina ɗaga kowace ina bayyana laifinta, har da kallon tsohon nan ta gefen ido. Shi kuwa ya saki baki yana kallona.

Ina kan ta uku Alhaji Bube ya ɗaga hannu.

"Ɗiyata, miƙo min wagga in gani."

Na miƙa da isa, a zatona zai share hawaye. Ya juya ta, ya shafa kusurwar, sai ya fashe da dariya har rawaninsa na karkacewa.

"Wallahi tawa ce! Tsaga biyu a dama, shaidar gidanmu ke nan. Haka muke yi wa kunnen tumakinmu tun kakan kakana, tun Nasara bai shigo ƙasar nan ba."

Ya juya ga jama'a ya yi bayani. A lokacinsu mujallar ba ta da yawa, wanda ya yi rubutu kaɗai ake ba guda, ya riƙe zuwa ƙarshen shekara ya mayar adaka. Abokai su ara, ta ɓace, a yi ta faɗa. Galibinsu kuwa 'ya'yan makiyaya ne, sai kowa ya yi wa tasa yankan kunnen dabbobin gidansu.

Mushe Garba ya ce a hankali, "Ni da nake ba su takarda daga birona, yau ni ne na hana karatu?"

Wayyo Allah! Na ɗauka an gama, ashe da saura. Alhaji Bube ya ce, "Tsaya, ɗiyar wa ce ke?" Na faɗi sunan babana da ƙyar, na ce mamana 'yar ƙauyen Korahane ce. Ya tona cikin tarin, ya zaro wadda na ce an haramta.

"To ga ta kawunki. Huda da tsaga. Ba ki taɓa zuwa gidan kakanki ba ne?"

Ni da duk hutu can nake yi! Na tatsi awakin nan, na sha nononsu, na ja su da kunnen nan da hannuna, ban taɓa duba abin da ke jikinsa ba. Wurin ya ɗauki dariya, har da wata tsohuwa mai guɗa.

Kafin a watse na je na durƙusa gaban Mushe Garba na ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, Allah shi yi albarka. Hausarki dai ta yi daɗi." Wannan ya fi min mari ciwo.

Zaɓe kuwa Sani ya lashe. Ko aminiyata shi ta zaɓa, kuma ban ga laifinta ba. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. Amma tun daga nan, in na ga abin da ban gane ba, kafin in ɗauki alƙalami sai na nemi tsoho na tambaya. In babu tsoho a kusa, ko akuya ce ta gifta sai na leƙa kunnenta.